Gwanjo, Ɗinki, Kwali, Soson EVA ko Worbla: Da Wanne Za Ka Haɗa Baƙar Shigar Kosfile?

Kosfile shi ne mutum ya yi shiga irin ta wani jarumin zanen katun, ko na wasan bidiyo, ko wanda ya ƙirƙiro da kansa. Kalmar daga Japan ta fito a farkon shekarun 1980. Salon nan mai duhu da ake kira gotik kuwa, matasan Birtaniya ne suka raya shi a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, kuma sun aro abubuwa da yawa daga tufafin makoki na zamanin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya, wadda ta riƙe baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta a 1861 har ita ma ta rasu a 1901. Leshi da karammiski da dogon wuyan riga da rigar matse ƙugu duk daga can suka zo. Sarƙoƙi da ƙusoshin ado da yagaggen yadi kuma gadon 'yan fank ne, wato matasa masu bin wani salon kiɗa da shiga na bijirewa.

Mai son haɗa irin wannan shiga a gida ba tare da ya zazzage aljihunsa ba, hanyoyi biyar ne a gabansa: gyaran gwanjo, ɗinki daga sabon yadi, kwali da takarda, soson EVA (irin robar silifa), da robar da zafi ke tausasawa wadda aka fi sani da Worbla. Ba kowacce ke iya aikin 'yar'uwarta ba, shi ya sa ma'auni ya kamata ya riga saye.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin kayan kaɗai ba. A lissafa kayan aikin da za a saya saboda hanyar, da abin da zai lalace wajen koyo. Mai fara aiki da soso ko fatar roba ya sa a ransa cewa yankan farko na gwaji ne.

Na biyu ƙarko. Tambayar ita ce sau nawa za a sa kayan, kuma a wane sashe na jiki zai zauna. Abin da ke kan ƙirji ko kafaɗa ba ya shan wahalar da na gwiwa, gwiwar hannu da hammata ke sha. Yawancin kayan kosfile a mahaɗar gaɓoɓi suke mutuwa.

Na uku sauƙi, wanda ya haɗa da ƙwarewar hannu da lokacin jira. Gam da fenti ba su san gaggawa ba. Na huɗu haɗari, ga lafiyar mai yi da kuma ga kayan a ranar taron masu kosfile.

Na biyar shi ne wanda ya keɓanta da wannan salo: yadda abin ke ɗaukar baƙi. Baƙi yana rufe aibi, amma haka yake rufe ado. Idan riga da wando da sulke duk baƙi ne iri ɗaya, a hoto sai mutum ya koma dunƙule guda kamar inuwa. Abin da ke fito da shigar shi ne bambancin fuska: mara ƙyalli kusa da mai ƙyalli, leshi a kan santsi, tsohon ƙarfe a kan karammiski. Hanyar da ba ta ba ka wannan bambanci ba, ko da ta fi tsada, ba ta biya buƙata ba.

Gyaran gwanjo

Wannan ta fi kowacce araha idan maganar sutura ake yi, domin wani ya riga ya yi maka wuya da hannu da zif da aljihu, wato sassan da suka fi ba sabon tela wahala. Doguwar kwat, rigar ciki mai maɓallai, siket mai faɗi, tsofaffin bel na fata, labulen leshi, duk jari ne. A sayi wanda ya ɗan fi jiki girma, don rage riga ya fi ƙara ta sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda ake faɗuwa shi ne rini. Auduga da lilin da siliki suna shan rini na gama-gari. Foliyesta ba ya sha, sai da nasa na musamman, irin su Rit DyeMore ko iDye Poly, kuma sai a kan wuta, ruwan yana dab da tafasa, kusan digiri 93 a ma'aunin Salshiyas, na aƙalla minti 30. Idan haɗin roba a yadin ya haura kashi 35 cikin ɗari, shi ma wannan rinin yake buƙata. In takardar wuyan rigar ta goge, a zaro 'yan zaruruwa daga cikin ɗinki a kusantar da su ga wuta: auduga tana ci da warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, foliyesta kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri.

Ga auduga, a tanadi ruwan zafi kimanin lita 11 ga kowane giram 450 na busasshen yadi, zafin ya kai digiri 60, a zuba gishiri kofi ɗaya, a ninka yawan rinin da aka rubuta a jikin kwalba, domin baƙi ya fi kowane launi wuyar kamawa. A jiƙa rigar kafin a tsoma, a riƙa juyawa na minti 30 zuwa 60. Rashin juyawa ne ke kawo dabbare-dabbare. Sannan tsohon launi ba ya ɓacewa, haɗuwa yake yi da sabon: ja yakan ba da baƙi mai ratsin ƙasa-ƙasa, rawaya ta ba da mai kore-kore. Shuɗi mai duhu da ruwan toka su suka fi komawa baƙi na gaskiya. Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne zaren ɗinkin. Ko rigar auduga ce, galibi da zaren foliyesta aka ɗinka ta, sai ta fito baƙa ƙirin da fararen layuka. A wannan salon wani lokaci hakan ma ado ne. In ba a so, a bi su da alƙalamin yadi baƙi. Tukunyar da aka yi rini a ciki kuma ta bar aikin girki ke nan har abada.

Tsufar da kaya ta fi rini daɗin yi. A goga samfefa mai kaushi, lamba 60 ko 80, a wuraren da tufafi ke cinyewa da gaske: gwiwa, gwiwar hannu, bakin aljihu, gefen ƙasa. Yagar da aka yi a tsakiyar baya ba gaira ba dalili, kowa ya gani ya san da almakashi aka yi. A yi layin ɗinki santimita ɗaya a bayan kowace yaga don kada ta ci gaba da tafiya a wanki. Bilic da aka sirka, kashi ɗaya da ruwa kashi biyu, idan aka yayyafa a baƙar auduga yakan ba da launin tsatsa cikin minti biyar zuwa goma, daga nan a wanke sosai. Yana cinye ulu da siliki, yana kashe yadi mai roba mai jawuwa, kuma kada a kuskura a haɗa shi da ruwan tsami na binega ko amoniya, iskar da ke tashi guba ce.

Ƙarkon gwanjo yana da kyau, tun da tufafi ne da aka yi don sawa da wankewa. Rauninsa shi ne ba ka da iko a kan abin da za ka samu, kuma rinin da bai kama ba zai zuba a fata idan gumi ya keto. A gwada da jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin ranar.

Ɗinki daga sabon yadi

Idan jarumin da ake kwaikwaya yana da yanka na musamman, babu makawa sai ɗinki. Kuɗinsa matsakaici ne ga mai keke, amma yadi yana tafiya fiye da yadda ake zato. Ɗauki alkyabba mai rabin da'ira: tsawon santimita 130, a ƙara 13 na zagayen wuya da ɗan abin kalmasa, za ta ci mita uku na yadi mai faɗin santimita 150, ban da hula da shafi. Bayan an yanka a rataye ta kwana ɗaya kafin a kalmashe ƙasan, saboda sassan da aka yanka a karkace suna saki, in aka yi gaggawa gefen zai fito wani wuri dogo wani gajere.

Kowane yadi da halinsa. Auduga mai kauri ta fi biyayya, a wanke ta kafin yanka don tana shiga. Karammiski yana da kwanciyar gashi, dole duk sassan su fuskanci gefe ɗaya, in ba haka ba hannu ɗaya zai fi ɗaya duhu. Idan gashin ya kalli sama launin ya fi zurfi. Ba a ɗora masa dutsen guga kai tsaye, tururi ake ba shi ta baya. Satin mai araha shi ne ya fi yaudara: a hannu kyakkyawa, a gaban fitilar kyamara sai ya yi walƙiya kamar leda, ga zarewa a bakin yanka. Gara a ɓoye shi a matsayin shafi.

Fatar roba ita ce ke ba shigar kwarjini, amma ba ta yafiya. Duk hudar allura ta zauna ke nan, don haka ba a sa mata fil, da 'yan maƙalai ake riƙe ta. A sa allura lamba 90 ko 100, a buɗe tazarar ɗinki zuwa milimita 3 ko 4, domin ɗinki matsattse yana mayar da ita kamar takardar da aka huhhuda don yagewa. In tana manne wa ƙafar keke, a shimfiɗa siririyar takarda a kai a ɗinka tare, a yage daga baya. Ba ta numfashi, kuma bayan 'yan shekaru fuskar takan fara ɓarewa, musamman inda akwai zafi da laima. Shi ya sa ta fi dacewa da bel, ɗamara da ƙyallen kafaɗa, ba cikakkiyar riga ba.

Rigar matse ƙugu ta ado ba sai da ƙarfe ba. Manyan robobin ɗaure wayoyin lantarki suna yin aikin ƙashin riga: a yanke kan, a goge bakin ya zama da'ira don kada ya huda yadi. Ramukan igiya kuwa a sa masu zoben ƙarfe biyu, gaba da baya, a kan yadin da aka ninka aka ƙarfafa. Masu zobe ɗaya da jan farko suke fita.

Kwali da takarda

Kusan kyauta ne. Kwali yana lanƙwasuwa ta gefe ɗaya kawai, inda ramukansa suka bi, don haka a manna biyu ramukan suna gicciye da juna idan ana son ƙarfi. A rufe shi da yayyagaggiyar takarda da aka tsoma a farin gam na kafintoci, gam kashi biyu ruwa kashi ɗaya, shimfiɗa uku ko huɗu, kowacce ta bushe sarai kafin a ɗora wata. Kunun fulawa yana mannewa, amma yana gayyato fumfuna da ƙwari. Gumi da yayyafi su ne ajalinsa, kuma in ya karye ba ya miƙewa. Ya dace da garkuwa, littafin tsafi na ado, kambi ko ƙahonin da za a sa sau ɗaya. Babban amfaninsa ma shi ne gwajin fasali kafin a taɓa abu mai tsada.

Soson EVA

Irin robar da ake yin silifa ce da tabarmar motsa jiki mai haƙora. Ga sulke, kwalkwali, ƙaho da makamin ado, babu abin da ya kama ƙafarsa wajen haɗa araha da rashin nauyi. Ana samunsa kauri-kauri: milimita 2 don ado da gefuna, 5 ko 6 don yawancin sulke, 10 don manyan sassa da makamai. Tabarmar ƙasa mai santimita 60 a kowane gefe ita ce mafi araha, sai dai bayanta yana da zane, dole ya kalli ciki ko a goge shi.

Fasali daga jiki ake ɗaukarsa. A naɗe sashen da siririyar leda, a rufe da salatif na takarda, a zana layuka da alamomin haɗi, a yanke a hankali, a tsattsaga har ya kwanta a kan tebur, sannan a kwafa a soso. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da kaurin soson da kuma tufafin da za a sa a ƙarƙashi. Sulken hannu da aka auna a kan fata ba zai rufu ba idan an yi shi da soso mai milimita 6, sai an ƙara masa faɗi. Soso yana dakushe reza da wuri. Da zarar bakin yanka ya fara fitowa kamar an gutsura, a wasa ko a canja. Inda ake son kusurwa, a kwantar da wuƙar a yanka a karkace, kimanin digiri 45.

Gam ɗin da ke riƙe shi shi ne irin na masu gyaran takalmi. A shafa siriri a ɓangarorin biyu, a jira minti biyar zuwa goma har ya daina jiƙa yatsa, sannan a haɗa daga gefe ɗaya zuwa ɗaya. Da sun taɓa juna sun kama, babu gyara. Mai haɗawa da ɗanyen gam zai ga bakin ya buɗe washegari. Gam na kyandir da ake narkawa da bindiga ya fi sauri, amma yana barin tudu kuma yana saki idan kayan sun zauna a rufaffiyar mota da rana. Sufa gulu yana da amfani a ƙananan ado, sai dai a nisanta shi da auduga: idan ya zuba a kanta da yawa yana ɗaukar zafin da zai iya ƙona fata.

Ana lanƙwasa soso da na'urar hura iska mai zafi. A riƙa yawo da ita nesa da fuskar kamar faɗin tafin hannu, har ya yi laushi ya ɗan yi sheƙi, a danna a kan gwiwa ko ƙwallo, a riƙe har ya huce. Wannan zafin kuma yana rufe ƙofofin soson. Daga nan sai shimfiɗar share fage, domin soso tsirara yana shanye fenti, in ya lanƙwasa fentin ya tsage. Farin gam shimfiɗa uku zuwa biyar shi ne mai araha, amma yana yin tamoji a inda ake lanƙwasawa. Robar fesawa irin Plasti Dip ta fi tsada, ta fi bin jiki, kuma baƙarta ta riga ta zama launin tushe.

A nan ne ma'auni na biyar ke samun biyan buƙata. A kan baƙin tushe, a ɗebi fentin akirilik ruwan azurfa kaɗan a busasshen buroshi, a goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, a share gefuna da tudu kawai. Nan take soso zai koma tsohon ƙarfe. Tsatsa kuma ruwan ƙasa ne da ɗan ruwan lemo, a ɗiɗɗiga da guntun soson wanka a kusa da ƙusoshi da lunguna.

Haɗarinsa a numfashi yake da wuta. Tururin gam yana sa jiri kuma yana kamawa da wuta, don haka ba a kunna na'urar zafi kusa da buɗaɗɗen gwangwani. A yi aikin a waje ko gaban taga, a sa takunkumi mai matatar tururin sinadari. Na ƙura ba ya tare shi, amfaninsa sai lokacin goge soso. Idan aka kula, sulken soso yana jure tarurruka da yawa, amma yana loɓawa in an danne shi da kaya, kuma yana tara zafi a jiki.

Worbla

Faranti ne mai kaurin kusan milimita ɗaya, yana tausasa a wajajen digiri 90, yana manne wa kansa ba tare da gam ba, kuma ragowarsa ana dumamawa a murɗa kamar yumɓu. Shi kaɗai ba ya tsayawa da kyau, sai an sa soso mai milimita 2 a ciki. Ya fi soso ƙarfi, ya fi shi fitar da ƙananan zane, ya kuma fi shi nauyi da tsada ƙwarai. Fuskar na asali tana da kaushi, tana cin shimfiɗar gam da gogewa da samfefa da yawa. Nau'insa baƙi ya fi santsi amma bai kai shi mannewa ba. Yana ƙona yatsu, kuma zafin rufaffiyar mota na iya karkatar da shi. Ga mai neman araha, cikakken sulken Worbla bai taso ba. Ƙaramin faranti don farata, kambi ko kan bel ya wadatar.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gwanjo | Kaɗan | Mai kyau | Mai sauƙi | Rini ya ƙi kamawa ko ya zuba |
| Sabon ɗinki | Matsakaici | Mafi daɗewa | Sai da ƙwarewa | Ɓarnar yadi a yanka |
| Kwali | Kusan kyauta | Rana ɗaya zuwa biyu | Mai sauƙi, jira da yawa | Gumi da ruwa |
| Soson EVA | Kaɗan zuwa matsakaici | Mai kyau | Matsakaici | Tururin gam, tsagewar fenti |
| Worbla | Mafi tsada | Mai ƙarfi | Matsakaici | Ƙuna, karkacewa a zafi |

Akwai abin da teburin bai nuna ba, wato maɗauri. Ko da wace hanya aka bi, abin da ke tsinkewa a ranar taro galibi igiya ce ko Velcro (maɗaurin da ake mannewa a ɓare), ba sulken ba. A karce soson inda za a manna igiya, a manna aƙalla santimita biyar, a ɗora wani guntun soso a kai ya danne. A gefen yadi kuwa ɗinka Velcro ake yi, mai gam a baya ba ya jure gumi. Ƙusoshin ado masu araha sukan ƙunshi nikel, wani nau'in ƙarfe da ke sa wasu ƙaiƙayi, don haka a sa shafi tsakaninsu da fata. Masu shirya taruka da yawa kuma ba sa barin a shiga da makamin ƙarfe, a duba ƙa'idarsu kafin a ɓata lokaci.

Wanne ya dace da wa

Mai farawa wanda ba shi da keke, kuma taron saura mako biyu, ya tsaya a gwanjon da ya riga ya zama baƙi, ya tsallake rini gaba ɗaya, ya sa ƙarfinsa a tsufarwa da bel da sarƙa. Mai son kamannin zamanin Biktoriya ya nemi kwat da rigar ciki a gwanjo, ya ɗinka alkyabba da ƙyallen wuya na leshi kawai, su ne masu sauƙin yanka kuma su ido ke fara gani.

Wanda jaruminsa mayaƙi ne mai sulke, soso mai milimita 6 ne nasa, a kan baƙar riga da wando marasa ƙyalli, ya bar gwiwa da hammata ga yadi. Ya fara da sulken hannu, in ya yi kyau ya wuce zuwa kafaɗa, ƙirji ya zo ƙarshe. Mai buƙatar kaya don ɗaukar hoto na yini ɗaya ko wasan dandali, kwali ya ishe shi, tun da kyamara fenti take gani. Mai shiga gasa, inda alƙalai ke juya riga su duba ciki, shi ne ɗinki daga tushe da ɗan Worbla a kan ado za su biya wa wahalarsa.

Wanda kuma zai yini a wuri mai zafi da cunkoso ya rage soso da fatar roba iya yadda zai iya: auduga mara nauyi a jiki, leshi ko raga a hannu, sulke a kafaɗa ɗaya kawai, da maɗaurin da zai iya kwancewa da kansa ba sai ya nemi mai taimako ba.